Wa Ke Bincike, Wa Ake Zargi: Tsohon Fim ɗin Sanders da Zangunan Ankara

 Wannan shi ne shirinmu na tarihi na watan jiya, na zauna na rubuta shi saboda waɗanda suka aiko cewa rediyo ta ƙi kamawa a inda suke.

Abin da ya jawo zancen, wani dillalin shanu ne ya kira mu daga kasuwar Tulaku da ke Ashaiman. Ya ce a tasowarsa ta ƙarshe daga Paga motarsu ta tsaya a wani shinge, mota cike da fasinja, amma shi da wani yaro mai rawani kaɗai aka ce su sauko. Takardunsa cikakku ne, an duba an mayar masa, aka kuma riƙe su kusan awa guda. Sai ya tambaye ni, "Malam, me suke gani a fuskata?" Na ce masa abin da ke zuciyar wannan jami'in Allah ne ya sani. Amma irin wannan kallon yana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin yana cikin wani tsohon fim. To, ku gyara zama.

Fim ɗin da mai shi

Ku da kuka saba kallon fim a waya ko a gidan kallo kun san tsarin fim ɗin ɗan sandan ciki. An yi laifi, ba a san wanda ya yi ba, sai wani mai kaifin basira ya bi sawu har ya kama mugu. Ku makiyaya ma kun fi kowa sanin wannan aikin, don duk wanda ya taɓa bin sawun saniyar da aka kora ya yi binciken da ya fi na fim. A irin wannan labarin akwai kujeru uku: ta mai tunani, ta wanda ake zargi, da ta mai riƙe bindiga yana jiran umarni. In kana son sanin inda mai fim ya karkata, duba wa ya zaunar a kowace kujera.

A Ingila an yi wani marubuci, Edgar Wallace, wanda aka haifa a 1875, ya rasu a 1932. A zamaninsa da wuya a sami wanda ya kai shi sayar da littattafan 'yan sandan ciki da ɓarayi. A 1907 jaridar Daily Mail ta aike shi Kwango, kuma bayan ya dawo ya fara rubuta labaran wani Kwamishina Bature mai suna Sanders, wanda ke mulkin wani babban kogi a Afirka ta Yamma. Littafin farko, Sanders of the River, ya fito a 1911. A 1935 kamfanin London Films na Alexander Korda ya mayar da shi fim, ƙanensa Zoltan Korda ya ba da umarni. Leslie Banks ya fito a Sanders, shi kuma Paul Robeson, baƙar fatar Amurka, mawaƙi mai murya kamar tsawa, ya fito a Bosambo. An ce mana a Nijeriya labarin yake faruwa.

Ga yadda ya tafi. Bosambo ya zo gaban Sanders yana cewa shi ne sarkin mutanen Ochori. Sanders ya riga ya san ƙarya ne, don yana da takarda a ofis da ta nuna mutumin fursuna ne da ya tsere daga Laberiya. Maimakon ya ɗaure shi, sai ya bar masa sarautar bisa sharaɗin biyayya. Can kuma akwai wani tsohon sarki, Mofolaba, mai kai hari yana kama bayi. Shekaru suka wuce lafiya, har Sanders ya tafi hutu gida. Yana juya baya sai wasu Turawa biyu, Farini da Smith, masu fasa-ƙwaurin bindigogi da giya, suka baza labarin cewa ya mutu. Ganguna suka ɗauka daga ƙauye zuwa ƙauye, ƙasa ta rikice, aka kashe Baturen da ya riƙe masa kujera. Sanders ya dawo, ya hau jirgin ruwansa da bindiga mai aman wuta, ya ceto Bosambo da matarsa, Bosambo ya kashe Mofolaba, aka naɗa shi babban sarkin kogi. Shi ke nan, an tashi.

Yanzu ku duba kujerun. Mai tunani Bature ne, shi ke da takarda, shi ya san asirin kowa, yana kuma kiran sarakuna masu furfura 'ya'yansa. Baƙar fata iri biyu ne kawai a fim ɗin: mai biyayya da mai kisa. Shi kansa mai biyayyar tsohon fursuna ne, wato amanarsa tana rataye a aljihun Sanders, ranar da ya ga dama ya zaro takarda. Babban saƙon kuma shi ne, in Bature ya yi nisa na 'yan makonni, mutanen nan za su cinye junansu. Tun a rubutun farkon fim an sadaukar da shi ga 'yan tsirarun Turawan da ke riƙe da miliyoyin mutane da sunan Sarkin Ingila. Ba su ɓoye ba. Wani abin lura, waɗanda suka shigo da bindiga da giyar Turawa ne, fim ɗin ya yarda da haka, amma bai ce wannan halin duk Turawa ba ne. Laifin Farini nasa ne shi kaɗai. Laifin Mofolaba kuwa an shafa wa nahiya guda.

Paul Robeson ya shiga aikin ne da zaton za a nuna darajar Afirka, don an nuna masa hotunan raye-raye da waƙoƙin da aka ɗauko daga can. Da ya ga abin da aka haɗa a ƙarshe sai ya nesanta kansa da fim ɗin, ya yi ta nadama a fili. Cikin waɗanda aka ɗauka su cika taro akwai ɗan wasan Legas, Orlando Martins, da wani ɗalibi ɗan Kenya da ke zaune a Landan yana neman na abinci. Sunansa Jomo Kenyatta. An sa masa kayan sarki ya tsaya gaban Sanders yana sauraron faɗa. A 1963 shi ne ya karɓi mulkin Kenya daga hannun Ingila.

Kuma abin mamaki, a wannan shekarar ta 1963 aka sake fito da Sanders a wani fim, Death Drums Along the River, inda Richard Todd ya fito a matsayin sufeton 'yan sanda mai binciken kisa da fasa-ƙwaurin lu'ulu'u. A Afirka ta Kudu aka ɗauke shi, lokacin mulkin wariyar launin fata. Gana ta shekara shida da samun 'yanci, Nijeriya da Nijar uku uku, amma a allon silima har yanzu Bature ne ke tunani, baƙi suna tuƙa kwalekwale.

Inda Hausawa suka shigo

Za ku ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana kujera ta uku. A littattafan Wallace, sojojin da Sanders ke aikawa su kama, su ɗaure, su harbe, sunansu Houssas, wato Hausawa. Kyaftin ɗinsu Bature ne mai suna Hamilton, akwai kuma wani saje da ake kira Abiboo, wanda da alama Habibu ne bakin Bature ya karya. Aikinsu su ƙame, su sara, su cika umarni.

Wannan ba ƙirƙira ba ce. A 1863 John Glover, wani hafsan jiragen ruwan Ingila, ya kafa wata 'yar runduna a Legas, yawancinta Hausawa ne da suka gudo daga bauta. Ana kiransu Hausawan Glover. A farkon shekarun 1870 aka kawo wasunsu nan Gold Coast, suka shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda ya kai ga ƙona Kumasi. A 1879 aka kafa rundunar Gold Coast Constabulary a kan wannan tushe, a 1901 kuma ta zama Gold Coast Regiment. Da tafiya ta yi tafiya, da yawa daga cikin masu kakin ba Hausawa ba ne, akwai Mosawa, Gurunsawa, Dagwamba da Zabarmawa, amma da yake Hausa ce harshen bariki, duk aka haɗa aka kira su Hausa.

A aikin ɗan sanda ma an raba gida biyu. Akwai General Police, masu karatun boko, yawanci 'yan kudu, su ke riƙe littafi da alƙalami. Akwai kuma Escort Police, yawanci 'yan arewa da tsofaffin sojoji, su ke rakiyar kuɗi da fursuna, su ake turawa da kulki in an yi tarzoma. Mutanen gari suka sa wa 'yan sandan Hausa suna da harshenmu, buga-buga. Kun ga dabarar Bature ke nan: ya ɗauko baƙo daga nesa, wanda ba shi da dangi a garin, ya ba shi kulki. Wanda aka doka ba ya ganin Baturen da ya sa hannu a ofis, fuskar mai kulkin yake gani, ita kuma zai gaya wa jikokinsa.

Amma akwai ranar da labarin Sanders ya karye a tsakiyar Ankara. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka yi maci zuwa fadar Gwamna a Christiansborg, suna neman haƙƙinsu. A mararrabar hanya aka tare su. Sufuritanda Colin Imray ya ba da umarnin harbi, 'yan sandan da ke tare da shi ba su harba ba, sai ya karɓi bindiga ya harba da hannunsa. Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Daga nan gari ya kama da wuta, shekara tara bayan haka, ranar 6 ga Maris 1957, Gana ta sami 'yanci. A fim, mai riƙe bindiga ba ya taɓa jinkiri. A wannan rana ya yi.

Nima da shanu ta fara

Kada kuma wani ya ɗauka duk zango daga bariki ya fito. Tun kafin Glover fatake ke bin hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, su kawo kanwa da tufafi da fata, su koma da goro. Kalmar zango kanta ta ayari ce, wurin da madugu ya ce a sauke kaya. A Ankara, Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ita kuwa Nima, ku makiyaya ku ji da kyau, da shanu ta fara. A 1931 Malam Amadu Futa, mai sana'ar shanu, ya sami izinin zama a filin daga iyalan Odoi Kwao, inda ake tsare dabbobi kafin a shiga da su kasuwar birni. Baƙi suka riƙa sauka wurinsa kamar yadda ake sauka wurin mai gida a kowane zango. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sansanonin soja suka cika wannan gefen na Ankara, masu neman aikin wanki, dahuwa, gadi da leburanci suka kwararo, Nima ta cika ta tumbatsa zuwa Mamobi. Gari ya girma, amma hukuma ba ta biyo shi da titi, famfo da magudanar ruwa ba. Daga baya aka dawo ana nuna cunkoson da ƙazantar kamar halin mutanen ne.

A nan ne jikan mai kulki da jikan bafatake suka haɗu a kujera ta biyu, ta wanda ake zargi.

Wani fim da aka yi a Ankara ya nuna yadda tunanin ya koma. A 1952 sashen fina-finai na gwamnatin Gold Coast ya fito da The Boy Kumasenu, Sean Graham ya ba da umarni, har aka sa shi cikin masu neman kyautar BAFTA a Ingila. Yaro ne ya bar ƙauyen masunta ya shigo birni saboda daɗin bakin ɗan'uwansa Agboh. Yunwa ta sa ya saci burodi, 'yan sanda suka kama shi, wani likita da matarsa suka karɓe shi suka sama masa aiki. Agboh ya dawo yana son su yi wa likitan sata, yaron ya ƙi, ya ɓata shirin. An ci gaba a nan, don mai ceton baƙar fata ne, Dakta Oku Ampofo, likita na gaske kuma mai sassaƙa, shi ya fito a matsayin. Amma muryar da ke ba da labarin daga sama ta Bature ce, darasin kuma shi ne, wanda ya baro garinsu ya shigo birni ba mai tsaya masa, yana bakin ramin laifi. To ku gaya mini, in haka ne, wane bafatake ne ba abin zargi ba?

Ku kwatanta da Jaguar, wanda Jean Rouch, Bafaranshe, ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, ya fito a 1967. Samari uku ne daga Nijar suka taso daga Ayorou zuwa Gold Coast: Damouré Zika, da Illo Gaoudel masunci, da Lam Ibrahim Dia, Bafulatani makiyayi. Da suka iso iyakar Togo da Gold Coast ba su da takardu, aka hana su, sai suka zagaya ta bayan ofishin suka wuce abinsu. Na san wasunku suna murmushi. Suka yi aiki a Ankara da Kumasi, suka buɗe tebur a kasuwa, suka koma gida da tsaraba. Shi ma Rouch Bature ne, shi ke riƙe da kyamara, amma muryar da ake ji a fim ɗin ta samarin ce, su ke ba da labarin kansu suna dariya. Tafiya iri ɗaya ce da ta Kumasenu, baƙo ya shigo birni, amma da yake waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ba ka ganin ɓarawo, sai mai neman halali.

Ranar da zargi ya zama doka

Ba na cewa fim ne ya kori kowa. Abin da nake cewa, in an daɗe ana zaunar da mutum a kujerar zargi, ranar da tattalin arziki ya matse ba a wahalar neman wanda za a ɗora wa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar Aliens Compliance Order: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Cikin dalilan da aka bayar akwai rashin aikin yi, fasa-ƙwauri da yawan laifuffuka. Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa da sauransu, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. An sayar da gida da rumfa a kuɗin banza. Ku tambayi duk wani dattijo a Nima ko Mamobi, zai lissafa muku gidajen da suka wayi gari ba kowa.

Kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Nijeriya ta yi irin wannan korar, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka yo gida, da zargi iri ɗaya, cewa baƙi ne ke kawo laifi. Jakar da suka zuba kaya har yau da sunansu ake kiranta. Mu ma a finafinanmu, na Kano da na Kumasi, sau nawa aka fito da ɗan arewa in ba a maigadi ba? Sau nawa aka fito da Bafulatani in ba a wawan da ya shigo birni, ko mai satar mutane ba? Muna dariya, amma kujerun Sanders ne muka gada, mun canja masu zama kawai.

Ban ce babu ɓarayin shanu ba, ban ce babu masu shigo da makamai ba. Akwai su, kuma ku kuka fi kowa shan wahalarsu. Rikicin manoma da makiyaya a Agogo, da samamen da ake kira Operation Cow Leg, an yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. Amma ɗan sandan ciki na ƙwarai sawu yake bi. Wanda ya tsaya a kan rawani da sanda da harshe, ya bar sawu ya bi sutura, kuma yana nan yana tambayar mai gaskiya ɓarawon zai wuce ta gabansa cikin kwat.

Saboda haka ga abin da zan bar muku. Ku san haƙƙinku: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90, in yana da takardar tafiya, kuma tun 1998 akwai takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi. Yanzu da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, ku riƙa tambayar halin da ake ciki kafin ku ɗaura kaya. Ku riƙe takardunku da na rigakafin dabbobinku a jiki. In yaranku suna kallon fim, ku zauna da su ko sau ɗaya, ku tambaye su wa aka ba tunani, wa aka ba kulki, wa aka ba laifi. Samarin Nima da Mamobi masu ɗaukar bidiyo da waya kuma, ga tarihin Malam Amadu Futa nan, ga dattawan da suka ga 1969 da idonsu suna nan da ransu. Ku je ku ɗauki muryarsu tun ana tare.

Shi kuma dillalin Tulaku, na gode da kiranka, Allah ya sa a sayar da riba. Wanda yake da labarin kakansa da ya yi aikin soja ko ɗan sanda a zamanin Turawa, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare garke. Wassalam.